Kuɗin Rajistar Mota Ta Hannu: Idan An Yi Maka Kuskure, Ina Za Ka Kai Kuka?

Duk shekara, da zarar an gama kaka ko an cire albasar rani, akan samu mutane a ƙasar Tambuwal da Kebbe waɗanda suka tara abin da zai saya masu mota. Sabuwar mota ta daɗe da fin ƙarfin talaka, don haka ta hannu ake nema: Golf, ko Sharon, ko tsohuwar bas ƙirar Hiace wadda za ta riƙa jigilar fasinja tsakanin Tambuwal da Sakkwato ko Jega. Mai saye yakan tafi da bakanike, a buɗe gaban mota, a saurari ƙarar inji, a leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyon mai, a yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Takardun motar su ne abu na ƙarshe da ake dubawa, in ma an duba su ke nan. Alhali kuwa a cikinsu rigimar take kwance, kuma ba ta tashi sai ranar da aka je canza sunan mai mota, aka miƙo wa mutum lissafin da ya ninka abin da ya yi tsammani.

Mu da ake kawo wa takarda mu karanta, saboda an san mun ɗan taɓa boko, mun ga irin wannan lissafi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da muka lura da shi shi ne, yawancin 'yan'uwa sukan yi ɗayan abu biyu. Wani ya biya duk abin da aka ce, ya dawo gida yana gunaguni. Wani kuma ya yi fushi ya ƙi biya, ya ci gaba da yawo da takardun tsohon mai motar har ranar da za a tare shi a hanya. Akwai hanya ta uku, wato mutum ya san abin da doka ta ce ya biya, ya biya shi, sauran kuma ya ƙalubalance shi a rubuce. To, amma kafin a ce an yi kuskure, sai an san daidai.

Wa ke karɓar me?

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne, suna ɗauka kuɗin rajista abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kuɗaɗe ne dabam-dabam, na hukumomi dabam-dabam, aka tattara su a lissafi guda.

Lambar mota dai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarinta a ƙasa baki ɗaya, amma gwamnatin jiha ce ke sayar da ita ta hannun ofishin lasin da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga. Farashinta kuwa ba jami'in da ke zaune a ofis ne ke yanka shi ba. Hukumar haɗin gwiwa kan haraji, wadda aka sani da JTB, ita ce ta riƙa tsayar da shi domin dukan jihohi, kafin sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 su maye gurbinta da wata hukuma mai irin aikinta. Kafin watan Agusta na 2021, lambar ƙaramar mota N12,500 ce. Daga 1 ga Agusta, 2021 ta koma N18,750, ta babur kuma ta tashi daga N3,000 zuwa N5,000. Sa'an nan daga 8 ga Yuni, 2025 aka mai da lambar mota, ta gida ko ta haya, N30,000, ta babur N12,000. Mun kawo shekarun ne da gangan. Dattijon da ya yi rajista a 2019 zai rantse maka cewa an cuce ka idan ka biya N30,000, ba kuwa ƙarya yake yi ba, farashin zamaninsa yake tunawa. Kada mutum ya je ya ta da jijiyar wuya a ofis da tsohon farashi, ya ji kunya.

Sai inshora. Doka ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna a hanya, kuma wannan kuɗi na kamfanin inshora ne, ba na gwamnati ba. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga shi daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida tun 1 ga Janairu, 2023, tare da ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kan wannan takarda. A nan kuskuren yakan zo ta wata fuska. Idan aka ba ka takardar inshora a kan N5,000 ko N7,000 a yau, ba rangwame aka yi maka ba, takardar banza aka sayar maka. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai na bai ɗaya, NIID, wanda duk mai wayar da ke shiga intanet zai iya sa lambar mota ya gani ko inshorar tana nan.

Ragowar kuɗaɗen na jiha ne: lasin mota na shekara, kuɗin canza sunan mai mota, takardar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa, da takardar izinin haya ga mai ɗaukar fasinja. Waɗannan kowace jiha da nata farashi, shi ya sa abin da aka biya a Birnin Kebbi ko Gusau ba hujja ba ne a Sakkwato. A 2023 kuma an ƙaro N1,000 na tabbatar da takardar shaidar mallakar mota kowace shekara. Doka ta 21 ta 1998, wadda ta raba wa gwamnatoci uku harajin da kowace za ta karɓa, ta sa harajin hanya a hannun jiha, ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin tasha da na keke da amalanke da makamantansu. Wato wanda ya ce ka biya shi kuɗin rajistar mota da sunan ƙaramar hukuma, sai ka tambaye shi a wace doka ya gani.

Inda kuskure yakan ɓuya

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne na rukuni. Lasin mota ana lissafa shi ne bisa irin motar da girman injinta, kuma motar haya tana da ƙarin takardun da motar gida ba ta buƙata. A ce ka sayi Golf wadda tsohon mai ita ya yi shekara biyar yana haya da ita, kai kuwa iyalinka za ka riƙa ɗauka. A kwamfuta tana nan a matsayin motar haya. Idan ba ka faɗa ba, kuma ba a gyara ba, za a lissafa maka kuɗin haya duk shekara. Dubi lambar da ke jikinta: rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Haka kuma abin yakan juya. Wanda ya sayi mota mai shuɗiyar lamba ya shiga tasha da ita yana lodi, shi ne ke kan kuskure, kuma babu takardar koken da za ta cece shi.

Girman inji ma haka. Mota mai inji lita 1.6 a rubuta ta 2.0, ko mai silinda huɗu a rubuta shida, sai ta faɗa wani rukuni mai tsada. Wani lokaci ba laifin kowa ba ne, domin motocinmu da yawa an sauya masu inji, an sa wani daga kasuwar 'yan gwangwan, takarda kuwa tana ɗauke da lambar tsohon injin da aka jefar tun shekaru. A irin wannan hali sai an kai motar jami'in duba mota ya gani da idonsa, a rubuta sabuwar lambar injin.

Akwai kuma lambar jikin mota, wadda direbobi ke kira lambar cesis. Wannan ita ce ainihin sunan motar, kuma ya kamata kowa ya san abu biyu game da ita. Tun 1981 aka daidaita ta a yawancin motoci a kan haruffa da alkaluma 17. Sa'an nan babu harafin I, ko O, ko Q a cikinta, an cire su ne domin kada a rikita su da 1 da 0. Saboda haka idan ka ga O a irin wannan lambar cesis da aka buga maka a takarda, kuskure ne tabbas, ba sai ka tambayi kowa ba. Sauran wuraren da ido ke zamewa su ne tsakanin 5 da S, da 8 da B, da 2 da Z. Harafi ɗaya ya isa ya sa kwamfuta ta ce ba ta san motarka ba, a ce sai ka yi sabuwar rajista daga farko, ko kuma ta haɗa ka da wata mota can dabam wadda ake bin ta bashi. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekarar motar: Y na nufin 2000, 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Wannan yana taimakawa idan dillali ya rage wa motar shekaru da baki. Ana samun lambar a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ko a jikin ƙofa, ko an buga ta a ƙarfen motar. Ka karanta ta daga jikin ƙarfe, wani kuma ya riƙe takarda yana bi, harafi bayan harafi. Aikin minti biyar ne.

Mu mutanen Kebbe kuma muna da tamu matsalar ta musamman, wadda ke ba da dariya har sai ta faɗo a kanka. Kebbe ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce mai zaman kanta tun 1991, kuma muna iyaka da ita. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce. Mai buga takarda da bai san yankin ba, da ya ji Kebbe sai hannunsa ya rubuta Kebbi, adireshin mutum ya tashi daga wata jiha ya koma wata. Haka sunan Tambuwal, wani ya rubuta Tambawal. Sunayenmu ma ba su tsira ba: Yohanna ya zama Yahaya, Bulus ya zama Bello, Istifanus kuwa sai yadda hali ya yi. Duk sunan da ya saɓa da wanda ke kan katin ɗan ƙasa, gobe shi ne za a ce ba kai ne mai motar ba.

Sai bashin baya. Mai mota ya yi shekara biyu ko uku bai sabunta lasin ba, ya sayar, sabon mai ita ya je ofis a ce akwai tsohon lissafi. Wannan yawanci ba kuskuren ofis ba ne, kuskuren ciniki ne, kuma maganinsa tun kafin a miƙa kuɗi ne: a dubi ranar da lasin ya ƙare, a cire abin da ake bi daga farashin motar. Abin da za ka iya ƙalubalanta shi ne idan an ƙirga maka shekarar da aka riga aka biya. Shi ya sa tsofaffin rasiɗai da ke cikin aljihun mota, waɗanda sabon mai ita yakan zubar ranar da ya wanke ta, suna da daraja.

Maganar Kwastan ita ce mai zafi, kuma dole mu faɗe ta ko da ba ta da daɗi. Tun 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa. Amma kowa ya san 'yar Kwatano ba ta daina shigowa ba, mu kuwa ba mu da nisa da iyakar Kamba da ta Illela. Mota takan zo da takardar Kwastan wadda lambar cesis ɗinta ta wata mota ce, ko wadda aka biya kuɗin fito ƙasa da ƙima. A 2024 Hukumar Kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su daidaita takardunsu, wannan kuma ya wuce. Idan matsalarka daga nan take, ofishin lasin ba shi da abin da zai yi maka, kuma ba shi ya cuce ka ba. Wanda ya sayar maka za ka nema, da shi da dillalin da ya ci la'ada.

Mai shiga tsakani

Daga Kebbe zuwa Sakkwato tafiya ce ta yini, in an haɗa da jiran mota ta cika da dawowa. Daga Tambuwal ma kusan kilomita 100 ne, ta Shagari da Bodinga. Saboda haka mutum yakan ga ya fi sauƙi ya ba wani kuɗi a dunƙule ya ce, je ka yi mini komai. Ba mu ce duk masu wannan aiki macuta ne ba, akwai masu amana a cikinsu, kuma ladan wahalarsu halal ne idan an faɗe shi a fili. Matsalar ita ce dunƙulewar. Wani ɗan'uwa ya kawo mana takardunsa yana cewa gwamnati ta cuce shi. Muka baje su a kan tabarma, muka tara abin da ke rubuce a kan kowane rasit, sai jimlar ta tsaya a wajen rabin abin da ya bayar. Sauran babu takardarsa ko ɗaya. Da aka kira wanda ya aika, sai ya ce na shan ruwa ne da na oga. Wane oga, bai faɗa ba. Irin wannan kuɗi babu ofishin da zai mayar maka, domin bai taɓa shiga asusun kowa ba sai aljihu. Dattawa ne suka zauna, aka karɓo masa wani abu daga ciki.

Don haka ka nemi a ba ka lissafi a rubuce kafin ka biya, kowane kuɗi da sunansa, ka biya ta banki ko ta hanyar da hukuma ta amince da ita, ka karɓi rasit mai lamba. Bayan an ba ka lambar mota, sa wani yaro mai waya ya duba ta a shafin tantance lamba na Hukumar Kiyaye Haɗurra. Idan lambar ta fito da irin motarka, madalla. Idan ta ce ba ta san lambar ba, ko ta nuna tirela alhali kai Starlet gare ka, to lambar bogi ce ko an yi kuskure wajen shigarwa, kuma gara ka koma tun da zafinta.

Takardar koke

To, a ce ka duba, ka tabbata kuskure ne na gaske, kuma kana da rasit. Mataki na farko shi ne ka koma ofishin da ka biya, ka nemi ganin shugaban ofishin lasin, da motar da takardun asali. Ka shiga da sallama da ladabi. Jami'in da ka zaga a gaban jama'a ba zai yi gaggawar gyara maka komai ba, ko da gaskiya tana hannunka, kuma kurakurai da yawa a nan take ake gyara su idan an nuna lambar da ke jikin ƙarfe. Ka roƙi a nuna maka jadawalin farashi na hukuma. Kuɗin gwamnati ba asiri ba ne, a rubuce yake.

Idan aka ce ka dawo gobe, goben kuma ta ƙi zuwa, sai a rubuta. Takardar koke ba ta bukatar dogon Turanci, shafi ɗaya ya isa. A sa sunanka da adireshinka, lambar mota da lambar cesis, ranar da ka biya da lambar rasit, abin da aka lissafa maka, abin da ya kamata a lissafa, da bambancin da ke tsakani a alkaluma. Sa'an nan a faɗi abin da kake so a yi. Wannan wurin ne mutane suke mantawa, su cika shafi biyu da labarin wahalar da suka sha ba su ce ga bukatarsu ba. Ka roƙi abu biyu: a gyara bayanin a kwamfuta a sake buga maka takarda ba tare da sabon caji ba, kuma a mayar maka da rarar ko a cire ta daga kuɗin sabuntawa na baɗi. Mun fi ba da shawarar a ambaci na biyun, domin kuɗin da ya shiga asusun gwamnati fitowarsa sai an bi ofis-ofis, amma ragewa daga lissafin gaba ya fi sauƙi ga kowa. Gyaran kwamfutar kuwa ya fi rarar muhimmanci, tun da idan ba a yi shi ba, kuskuren zai biyo ka kowace shekara.

A yi kwafi biyu, a haɗa da hoton rasit da na takardun, a kai wa Shugaban Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Sakkwato ta hannun ofishin da abin ya faru. Wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Kada ka bar takardun asali a hannun kowa. Mun nanata: kada ka bar su, ko da an ce na kwana ɗaya ne.

Wani zai tambaya, shin in biya tukuna ko in jira a gyara? Idan motar haya ce wadda iyali ke ci daga gare ta, ajiye ta wata guda ya fi rarar tsada. A irin wannan, ka biya, amma ka rubuta a takardar kokenka cewa ka biya ne ba don ka yarda da lissafin ba. Abin da bai kamata ba shi ne hawa titi da takardar da ta ƙare da sunan ana cikin jayayya. Wasu sun ji labarin hukuncin da Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke a watan Oktoba na 2024, wanda ya hana jami'an VIO tare motoci da kama su da cin tara, suna ta yaɗawa a tasha cewa an soke VIO. A kan jami'an Babban Birnin Tarayya aka shigar da ƙarar nan, kuma ba ta ɗauke wa kowa wajibcin riƙe takardu masu rai ba.

Idan an ƙi saurara

Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 domin irin wannan, wato ɗan ƙasa da ke ganin wani ofishi bai yi masa adalci ba. Tana da ofis a kowace jiha, har da Sakkwato, ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai da lauya ba. Dokarta tana da sharuɗɗa biyu da ya kamata a sani. Ba ta karɓar koken da ya wuce wata 12 da faruwar abin, kuma tana so ta ga ka riga ka bi hanyoyin da ke akwai a ofishin da kake ƙara. A nan ne kwafin nan mai hatimi yake yi maka rana. Wanda ya je da baki kawai, za a ce ya koma ya fara daga farko.

Idan kuskuren daga lambar mota ne ko bayanin da ke rumbun ƙasa, ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra na jiha shi ne wurin zuwa. Idan kuwa ba kuskure ba ne, wani ne ya ce sai ka ba shi na goro kafin ya gyara, wannan ya zama cin hanci, kuma hukumar ICPC da aka kafa a 2000 domin shi aka yi ta. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a gaskiya rarar naira dubu goma ko ashirin ba ta kai kuɗin lauya ba. Amma wanda asararsa ta yi yawa, misali an riƙe masa mota, ya sani cewa dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa. Akwai keɓantattun halaye, amma lauya ne zai faɗa maka su, kuma gara ka gan shi a watan farko.

Motar ikilisiya

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ikilisiyoyi da ƙungiyoyin zumuntar mata sukan yi shekaru suna tara baiko su sayi bas ta hannu domin zuwa taro da kai marar lafiya asibiti. Saboda gaggawa sai a yi rajista da sunan ma'aji ko na wani dattijo, ko ma a bar ta da sunan wanda aka saya a wurinsa. Ranar da dattijon ya rasu, a takarda motar ta shiga gado, kuma magada ba su yi laifi ba idan suka tambaya. Ranar da aka yi wa mai hidima canjin wurin aiki, sai a rasa wanda zai sa hannu a sabunta takarda. A yi rajistar da sunan da ikilisiya ke da shi a hukumance, a faɗa wa ofis gaskiyar aikin da motar za ta yi domin a sa ta a rukunin da ya dace, a ajiye rasiɗai a fayil ɗin sakatare, kuma a karanta lissafin a gaban majalisa kamar kowane kuɗi na jama'a. Idan ana haya da ita ranar kasuwa domin samun kuɗin mai, a faɗi wannan ma, domin inshorar motar gida ba za ta tsaya wa motar da ke ɗaukar fasinjan kuɗi ba.

Mai sayarwa ma yana da nasa rabon. Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 sun ce a sanar da hukumar lasin canjin mai mota cikin kwana 30. Tun da aka fito da sabuwar lamba mai taswirar Nijeriya a 2011, bayanan lambar suna ɗaure ne da sunan mutum da adireshinsa. Muddin ba a canza ba, duk abin da aka yi da motar nan, ko haɗari, ko ɗaukar kayan sata, ko abin da ya fi wannan muni a wannan zamani na rashin tsaro, ƙofar wanda sunansa ke rubuce za a fara ƙwanƙwasawa. Don haka ranar ciniki a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar cesis da lambar inji da kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, a je kotu a yi takardar rantsuwa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi tare da hoton katin shaidar ɗan'uwansa. Idan mai saye ya ce zai canza suna daga baya, mai sayarwa ya rubuta tasa sanarwar ya kai ofishin lasin da kansa, a buga masa hatimi a kan kwafinsa kafin kwana 30 su cika.